Yadda matuƙin jirgi ke sarrafa gudu da gangarowa kafin ya sauka a Yamai

Jirgin fasinja da ya taso daga Jidda ko Addis Ababa ya nufo Yamai yana tafe ne a tsayin ƙafa 36,000 ko 38,000, yana cin sama da kilomita 800 a awa. Cikin minti 25 zuwa 30 ake so jirgin nan, mai nauyin tan 60 ko fiye, ya ɗora tayoyinsa a kan titin filin Diori Hamani da gudun wajen kilomita 260 a awa, kuma a wurin da aka ƙayyade. Fasinja yakan auna gwanintar matuƙi da lokacin da taya ta taɓa kwalta: in ta sauka a hankali a tafa, in ta buga a yi tsaki. Masu sana'ar ba nan suke dubawa ba. A wurinsu saukar da ta yi kyau tun daga nisan kilomita 200 aka gyara ta, wadda ta ɓaci ma galibi tun can ta fara ɓaci.

Lissafin da zan kawo na jirage matsakaita ne irin Boeing 737 da Airbus A320. Kowane jirgi da littafinsa, kowane kamfani da dokarsa, kuma in littafi ya saɓa da abin da ka karanta a nan, littafi za ka bi. Ma'auni uku ake aiki da su a sama. Tsayi da ƙafa ake auna shi. Nisa da mil na teku, wanda yake mita 1,852. Gudu kuma da not, wato mil ɗaya na teku a awa.

Tushen wahalar

An ƙera jirgin zamani don ya ratsa iska ba tare da ta riƙe shi ba, saboda a rage shan mai. Wannan santsin nasa shi ne ke zame wa matuƙi aiki idan an zo sauka. Ko an mayar da totur baya gaba ɗaya, injuna suna silo, jirgin yakan yi tafiyar ƙafa 17 ko 18 gaba kafin ya yi ƙasa da ƙafa ɗaya. Ba shi da birkin da za a taka a sama ya tsaya.

Ka ɗauki tsayi da gudu kamar kuɗi ne a aljihu biyu na riga ɗaya. Kana iya cirowa daga wannan ka zuba a wancan: ka dunƙufar da hancin jirgi, tsayi ya ragu, gudu ya ƙaru, ka ɗaga hancin, gudu ya ragu, gangarowa ta tsaya. Amma sauya aljihu ba kashewa ba ne, kuma dole kuɗin su ƙare daidai bakin titi. Abin da ke cinye su kuwa shi ne turjiyar iska, ita kuma nisa take buƙata. Shi ya sa kowane ɗalibin tuƙi yake jin magana ɗaya daga malamansa har ta gundure shi: jirgi yana iya gangarowa, yana iya rage gudu, amma ba ya son yin biyun a lokaci guda.

Mataki na farko: shiri tun ana sama

Kamar minti 15 kafin a fara gangarowa, matuƙan biyu suna karɓar labarin yanayin filin: iska daga ina take kuma da wane ƙarfi, nisan da ido ke iya gani, zafi, titin da ake amfani da shi, da nauyin iska wanda ake kira QNH. Titin Yamai ya miƙe ne gabas da yamma, lambarsa 09 idan jirgi ya fuskanci gabas, 27 idan ya fuskanci yamma. Tunda jirgi yana son ya sauka yana fuskantar iska, da hunturu, lokacin da take busowa daga arewa maso gabas, 09 ne ya fi dacewa. Da damina kuwa iskar kudu maso yamma takan sa a karkata zuwa 27.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jirgin da ya fito daga gabas. In 27 aka ba shi, a miƙe zai shigo. In 09 ne, sai ya wuce filin, ya yi yamma ta wajen kogin Isa, ya juyo, abin da kan ƙara masa mil 20 ko fiye. Saboda haka nisan da matuƙi ke lissafi da shi ba tazarar da ke tsakaninsa da filin a miƙe ba ce, tsawon hanyar da zai bi ne har da kwanoninta.

Daga nan sai a fitar da gudun sauka daga nauyin jirgin a lokacin, a zaɓi matakin fulaf (ɓangarorin bayan fiffike da ake buɗewa idan za a sauka) da ƙarfin birki, a duba ko tsawon titin ya isa. Sannan wanda zai tuƙa ya yi wa ɗan'uwansa bayani da baki, ko da sun yi saukar nan sau ɗari tare. Zai ce wani abu kamar haka: "Kyaftin, 09 za mu bi. Akwai hazo, don haka na'ura za mu bi har ƙafa 200 sama da titi. In ba mu ga fitilu ba a nan, tashi za mu yi. Man da ya rage ya ishe mu jiran minti 20, bayan haka sai Wagadugu." Kyaftin ya ce, "Na ji, Malam. In ka ga gudu ya kauce ko ni ne a kai, ka faɗa." Amfanin bayanin shi ne a yanke shawarwari masu nauyi tun hankali yana kwance.

Mataki na biyu: a ina za a fara gangarowa

Kwamfutar jirgi tana fitar da wurin da kanta, amma matuƙin kirki ba ya miƙa mata wuya sai ya gwada da kansa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowace ƙafa 1,000 da za a sauke tana cin mil 3.

Mu ɗauki jirgi a ƙafa 36,000. Filin Yamai yana sama da teku da ƙafa 700 da 'yan kai, don haka abin da za a sauke kusan ƙafa 35,000 ne. 35 sau 3 ya ba da mil 105. Wannan na tsayi ne kawai. Rage gudu shi ma yana da nasa kason: kusan mil ɗaya ga kowane not 10 da za a rage. Daga not 290 zuwa wajen 200 ke nan a ƙara mil 9 ko 10. Jimilla mil 115, wato kilomita 210 da ɗoriya, kusan tazarar Yamai da Dogon Dutsi a miƙe. Fasinja yana barci, jirgi bai ko hango birnin ba, amma an riga an ja totur baya.

Sai gyaran iska. In tana turo jirgin daga baya, yana cinye nisan da sauri, dole a fara gangarowa da wuri. In daga gaba take, a ɗan jinkirta. Nauyi ma yana da tasa rawar, kuma akasin yadda mutum zai zata: a gudu ɗaya, jirgi mai nauyi ya fi mara nauyi jan nisa wajen gangarowa, don haka shi ya kamata ya riga farawa. Da damina akwai ƙarin abu. Cikin dogayen gizagizan nan akwai ƙanƙara a sama, ko da ƙasa tana tafasa. Idan aka kunna na'urar da ke hana ƙanƙara kama injin, silon injin yakan ɗan hau, jirgin ya ƙara ƙin saukowa.

Mataki na uku: daga sama zuwa ƙafa 10,000

Ba a fara gangarowa sai da izinin masu kula da sararin sama. A Nijar ma'aikatan ASECNA ne ke wannan aiki, hukumar da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar, kuma da yawansu a nan Yamai suka yi karatu, a makarantar EAMAC. Da Turanci ko Faransanci ake magana a rediyo, kuma duk umarnin da aka bayar sai matuƙi ya maimaita shi don a tabbatar kunne bai yi kuskure ba.

A can sama ana auna gudu da saurin sauti, jirage irin waɗannan suna riƙe da Mak 0.78, wato kashi 78 cikin ɗari na saurin sauti, ko kusa da haka. Wajen ƙafa 30,000 sai a koma kan not, a riƙe 280 zuwa 300. A nan akwai abin da ke rikitar da sabon shiga. Gudun da agogon jirgi ke nunawa ƙarfin iskar da ke bugun jirgin ne, ba saurin da yake ratsa ƙasa ba. A sama iska ba ta da kauri, don haka agogo yana iya nuna 260 alhali jirgin yana cin 450. Fiffike da na agogo yake aiki. Lissafin nisa da lokaci kuwa da na ƙasa ake yin sa.

Daga gudun ƙasan ne ake fitar da saurin gangarowa: a ninka shi sau 5. Jirgi mai cin not 450 yana buƙatar sauke ƙafa 2,250 a minti. Idan ya dawo 300, ƙafa 1,500 sun isa. Wannan ƙa'ida tana aiki har bakin titi, ka riƙe ta da kyau.

Duk tsawon hanyar matuƙi yana maimaita tambaya ɗaya a ransa: tsayina sau 3, ya yi daidai da milan da suka rage? Saura mil 70, ya kamata ya kasance wajen ƙafa 20,000. Saura mil 35 zuwa 40, wajen 10,000. In yana 14,000 alhali saura mil 30, ya san bashi ya hau kansa, kuma gara ya fara biya yanzu.

A ƙafa 10,000 ana rage gudu zuwa not 250, ƙa'idar da ake bi a yawancin sararin duniya, saboda ƙasa da nan ne cunkoson jirage da tsuntsaye yake. Kafin a kai wurin sai a ɗan ɗaga hanci na mil 4 ko 5 gudun ya zube. Fasinja yakan ji kamar jirgin ya daina sauka, ƙarar iska ta ragu. Daga nan kuma hira ta ƙare a ɗakin matuƙa, ba a maganar komai sai ta aiki.

Wani abin da ake yi a wannan zango shi ne sauya saitin ma'aunin tsayi. A sama duk jirage 1013 suke sawa don tsayinsu ya zama da ma'auni ɗaya. Idan an gangaro sai a sa QNH na filin. Lamba ɗaya a nan kusan ƙafa 28 ce, kuskuren lamba 10 kuwa ƙafa 280. A watan Mayun 2022 wani A320 da ke shirin sauka a filin Charles de Gaulle na Faris ya sa 1011 maimakon 1001, cikin ruwan sama, ya zo ƙafa 6 kacal daga ƙasa tun bai kai titi ba kafin ya tashi. Shi ya sa matuƙan biyu kowa yake faɗar lambar da ya sa, su gwada da wadda suka rubuta tun farko.

Idan lissafi ya kauce

Zama ƙasa da layin gangarowar da aka lissafa ba shi da wuyar gyara: a rage saurin gangarowa, a ɗan ƙara totur, asarar mai ce kawai, muddin ba a sauka ƙasa da tsayin da taswira ta halatta ba. Zama sama da layi shi ne ciwon kai, kuma sau da yawa da alheri yake zuwa. Mai kula da hanya ya ga sarari ba cunkoso, ya ce wa jirgi ya yanke ya shigo kai tsaye. Ko iska ta juya aka mayar da titi daga 09 zuwa 27. Nan take mil 20 sun ɓace daga lissafi, wato jirgin ya wayi gari da rarar ƙafa 6,000 da ba shi da wurin zubar da su.

Magungunan suna da tsari. In har yanzu ana nesa kuma sama da ƙafa 10,000, ƙara gudu yana taimakawa, domin turjiyar iska tana ƙaruwa da gudu, jirgin ya fi saurin zubewa. In an matso, sai birkin iska, faifan nan da ke miƙewa a bayan fiffike. Wanda ke zaune jikin taga yakan ga sun ɗaga, jirgin ya ɗan yi karkarwa. Suna da ƙarfi idan ana gudu, amma da gudu ya ragu sai amfaninsu ya ragu. In bai isa ba, a sauke tayoyi da wuri, su ne birki mafi ƙarfi da jirgi ke da shi a sama. 737 yana iya sauke su a not 270, A320 a 250. In duk wannan bai isa ba, a nemi ƙarin hanya ko a yi zagaye ɗaya.

A ganina wannan na ƙarshen ne ya kamata matasa su fi sabawa da shi, shi ne kuma suka fi jin kunyarsa. Matuƙi yana da damar ya ce wa hasumiya ba zai iya karɓar gajeriyar hanya ba. Minti uku na zagaye ba su taɓa zama abin labari ba.

Mataki na huɗu: fulaf, tayoyi da kama layi

Fiffiken da aka yi don gudun not 450 ba zai riƙe jirgi a 140 ba. Don haka ake buɗe fulaf, ɓangarorin da ke zamewa baya da ƙasa su ƙara wa fiffike faɗi da lanƙwasa, tare da 'yan'uwansu na gaban fiffiken. Ba a buɗe su gaba ɗaya, mataki-mataki ake bi, kuma kowane mataki yana da gudun da ba a wucewa don kada a lalata shi, da gudun da ba a kasawa don kada fiffike ya saki. A 737 matakan da aka fi bi su ne 1, 5, 15, sannan 30 ko 40. A A320 kuwa 1, 2, 3 da cikakke. Dokar ita ce a rage gudu tukuna sannan a buɗe. Mai amfani da fulaf a matsayin birki yana gajiyar da ƙarfe ne kawai.

Ga yadda abin yakan kasance a rana mai kyau. Saura mil 20 zuwa 15, gudu 210 zuwa 220, a buɗe matakin farko. Saura mil 12 zuwa 10, gudu 180, mataki na biyu, tsayi ƙafa 3,000 sama da filin, wato kusan 3,700 a agogo idan Yamai ce. Saura mil 7 zuwa 6, a sauke tayoyi, gudu 160. Saura mil 5 zuwa 4, fulaf na ƙarshe, a karanta jerin abubuwan dubawa na sauka, gudu ya zauna a na ƙarshe.

Na'urar ILS tana aiko da layi biyu na rediyo daga ƙasa. Ɗaya yana nuna tsakiyar titi, ɗayan yana nuna gangara mai digiri 3, wadda take kusan ƙafa 300 a kowane mil. Ana fara kama na tsakiyar titi, sannan na gangara, kuma daga ƙasa ake son a tare shi: jirgi yana tafe a miƙe, layin ya sauko ya same shi. Farautar layin daga sama tana da haɗari biyu. Gudu ba ya raguwa tunda ana ta dunƙufar da hanci, sannan sama da layin gaskiya akwai wasu na ƙarya masu tsananin gangara da na'urar jirgi kan iya kamawa. Maganinsu gwaji ne da nisa: saura mil 5, tsayi ya zama ƙafa 1,500 zuwa 1,600 sama da titi. In ya nuna 3,000 ko fiye, ba layin ba ne.

Mataki na biyar: gudun ƙarshe

Gudun ƙetare bakin titi ana fitar da shi ne daga gudun da fiffike zai daina ɗaukar jirgin, a ɗora masa rarar kashi 23 zuwa 30 cikin ɗari. Ga jirage irin namu yakan faɗa tsakanin not 130 da 150, gwargwadon nauyi. A kansa ake ƙara na iska. Tsarin Boeing shi ne rabin iskar gaba, da dukan abin da take ƙarawa idan ta yi fizga, kuma ƙarin kada ya kasa not 5. Misali gudun asali 135, iska not 12 tana fizga zuwa 18: 6 da 6, sai a riƙe 147.

A kan layi injuna ba sa silo. Ana riƙe su a wajen rabin saurin juyawarsu da gangan, domin injin jet da ya kwanta yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya farka, har kusan 8 kafin ya kai ƙarfin tashi. A ƙafa 200 daƙiƙa 8 doguwar tafiya ce. Wannan na daga cikin dalilan sauke tayoyi da fulaf gaba ɗaya: su riƙe jirgin, injin ya samu abin turawa ya zauna a farke.

Zafin Yamai yana shiga nan. A Afrilu da Mayu, idan ma'auni ya haura digiri 40, iska takan yi sirantaka har jirgin ya ji kamar filin yana ƙafa 4,000 ne sama da teku. Agogo zai nuna 140 kamar kullum, amma gudun gaskiya ya kusa 150. Sakamakon: saurin gangarowa ya tashi daga ƙafa 700 a minti zuwa 750, titin da za a ci ya ƙaru, birki ya fi ɗaukar zafi. Da tsakar rana kuma iska mai zafi tana tasowa daga ƙasa tana ɗaga jirgin tana saki, gudu yana wasa sama da ƙasa. Gwani ba ya bin kowace girgiza da totur, ƙananan gyare-gyare yake yi ya bar jirgin ya daidaita.

Ko da na'ura mai sarrafa totur ce ke aiki, ido ba ya barin agogon gudu. Ranar 6 ga Yulin 2013 jirgin Asiana ƙirar Boeing 777 ya zo sauka a San Faransisko, rana tsaka, sama garau. Matuƙan sun ɗauka na'urar tana riƙe musu da gudu, alhali ta daina. Not 137 ake so, ya zube har 103, jirgin ya bugi katangar bakin teku kafin titi, mutum 3 suka rasu.

Ƙofar ƙafa 1,000

Saura mil 3, ƙafa 1,000 sama da titi, nan ne ake yi wa saukar hisabi. Jirgi yana kan layin tsakiya da na gangara? Tayoyi sun sauka, fulaf yana matakin ƙarshe? Gudu bai kasa na littafi ba, bai kuma haura shi da yawa ba? Saurin gangarowa bai wuce ƙafa 1,000 a minti ba? Injuna a farke suke? An gama karanta jerin dubawa? In ana cikin gajimare ko hazo, dole duk su cika a ƙafa 1,000. In ana ganin titi sarai, kamfanoni da yawa suna ɗaga ƙafa zuwa 500. Ɗaya ya kasa cika, a fasa sauka.

Fasawar ba ta da wuya a hannu: totur gaba, hanci sama wajen digiri 15, a rage fulaf mataki ɗaya, da an ga jirgi yana hawa a ɗaga tayoyi, a bi hanyar da taswira ta tsara. A zuciya take da wuya. An gaji, ga titi ana gani, ga mutanen da ke jira, sai rai ya ce ai zan gyara. Ranar 22 ga Mayun 2010 jirgin Air India Express ƙirar 737 daga Dubai ya zo Mangalore yana sama da layi sosai. Mataimaki ya ce a tashi har sau uku, kyaftin ya ci gaba. Sun taɓa ƙasa bayan sun bar fiye da rabin titin a baya, jirgin ya zarce ya faɗa kwari, mutum 158 suka mutu. Shi ya sa kamfanonin kirki suka mayar da ita doka: duk wanda ya ce a tashi cikin biyun, babba ko ƙarami, tashi za a yi, a yi muhawara daga baya. A ƙasa irin tamu, inda yaro ba ya katse babba, sai an koyi wannan da gangan.

Yanayi biyu ne suka fi jawo fasawa a Yamai. Da hunturu ƙura takan rufe gari har ido ya kasa ganin kilomita ɗaya. ILS na matakin farko yana kai jirgi ƙafa 200 sama da titi, kuma yana buƙatar ganin mita 550 aƙalla. A ƙafa 200 ɗin in ba a ga fitilu ba, babu leƙe, babu ƙara sauka kaɗan. Da damina kuwa hadarin da ke tasowa daga gabas yakan turo iska mai ƙarfi da jan ƙura a gabansa. Mafi muni ita ce iskar da ke zubowa daga cikin hadarin ta bugi ƙasa ta watsu. Jirgin da ya shige ta yakan fara ganin gudunsa ya ƙaru, abin da ke ruɗin matuƙi ya ja totur baya. Daƙiƙoƙi kaɗan sai iskar ta danna shi ƙasa, ta koma bayansa, gudu ya zube. Don haka ƙaruwar gudu ba dalili kusa da hadari gargaɗi ce. In na'ura ta yi kukan juyin iska, totur gaba ɗaya ake turawa, ba a taɓa fulaf ko tayoyi sai an fita. Irin wannan hadarin yakan wuce da sauri, jira a gefe ya fi.

Ƙafa 50 na ƙarshe

A gefen titi akwai fitilu huɗu a jere. Biyu fari biyu ja, kana kan layi. Fari ya yi yawa, ka yi sama. Ja ya yi yawa, ka yi ƙasa. Ana ƙetare bakin titi a ƙafa 50, murya a ɗakin matuƙa tana ƙirga 50, 40, 30, 20. Wajen 30 zuwa 20 sai a ɗan ɗaga hanci digiri 2 ko 3, a ja totur baya a hankali. Wanda ya ƙetare a ƙafa 100 maimakon 50 ya yi asarar kusan mita 300 na titi tun bai taɓa shi ba. Wanda kuma ya tsaya lallaɓa jirgi don fasinja su tafa yana cin wasu ɗaruruwan. In titi ya jiƙe, da gangan ake dasa tayoyi da ɗan ƙarfi don su keta ruwan su kama kwalta. Da sun taɓa, faifan fiffike su miƙe gaba ɗaya su danne jirgin a kan tayoyinsa, a juya ƙarfin injin baya, birki ya kama. Wajen not 70 zuwa 60 a mayar da injin yadda yake, don kada ya zuƙo yashi da tsakuwa.

In jirgi mai farfela ne zuwa Tawa

Tsakanin Yamai da Tawa kusan mil 200 ne ta sama, tafiyar da jirage masu farfela suka fi dacewa da ita. Lissafin bai canja ba, lambobin ne suka ƙanƙance. Daga ƙafa 17,000 zuwa filin da ke sama da teku da ƙafa 1,200 da wani abu, kusan 16,000 za a sauke, wato mil 48, a ƙara kaɗan na rage gudu. Sauƙin da ke nan shi ne farfela da kanta birki ce: da an ja totur baya sai ta tare iska, jirgin ya iya gangarowa yana rage gudu. Haɗarinta ma nan yake, domin kusa da ƙasa jan totur da yawa yana zubar da gudu nan take.

A filin da babu ILS, matuƙi da kansa yake gina layin gangarar daga taswira. Wanda ba ya tuƙi yana karanto nisa da tsayin da ya dace: mil 6, ƙafa 1,900 sama da titi, mil 5, 1,600, mil 4, 1,300. Bayan kowace lamba ya faɗi ko an yi sama ko an yi ƙasa, da ƙafa nawa. Mai tuƙi ya gyara saurin gangarowa da ƙafa 100 ko 200 a minti, ya jira mil na gaba. A gudun ƙasa na not 120, ƙafa 600 a minti ne mafari, kuma kowane mil yana ɗaukar daƙiƙa 30.